Abincin 'Yar Wuta

Dutsen farko ya faɗo ne gab da magariba, a daidai lokacin nan da rana ta janye daga bangon falo amma ba a kai ga kunna fitilun titi ba. Injiniya yana tsaye gaban tankin gilashinsa na kiwon halittun teku, riga a naɗe, hannu cikin ruwa har gwiwa, yana cika wa baƙi biyu kunne. Matarsa tana kicin tana duba shinkafa. Sai aka ji tas! Babban ƙwan fitilar da ke tsakiyar silin ya tarwatse, wani abu ya gangara a kan tayil ya tsaya a ƙafar baƙon da ke kusa da ƙofa. Mutumin ya sunkuya ya ɗauka. Farar tsakuwa ce, irin wadda aka shimfiɗa a ƙasan tankin, kuma a jiƙe take. Tagogi duk a rufe suke, babu kuma wanda ya motsa daga inda yake.

"Wuta ce aka kawo da ƙarfi," in ji Injiniya, ko juyowa bai yi ba. "Ni na san harkar nan."

Baƙin ba su jira shayi ba.

Ba injiniya ba ne. Shagon fitilu gare shi a bakin babban titi, shi ya laƙaba wa kansa sunan, ya sa aka rubuta a allon shago, har mutane suka gaji suka bi shi a haka. Irin mutanen nan ne da in ka ce musu kanka na ciwo sai su ce hasken ɗakinka ne bai isa ba. Ba ya tambaya, domin a ganinsa tambaya ta ƙananan mutane ce.

Wata shida kafin wannan yammacin ya je saka fitilu a ofishin wani attajiri, ya ga tankin ruwan gishiri, ya dawo gida hankalinsa bai kwanta ba sai da ya haɗa nasa wanda ya fi wancan tsawo. Aka jera duwatsun teku masu ramuka, aka ɗaura famfo da injin tace ruwa, aka auna gishiri. Sannan ya sayo abin da zai sa a riƙe baki: wasu halittu uku dangin makankari, masu ɓawo biyu, waɗanda in suka buɗe sai ka ga naman ciki ja wur kamar garwashi, da doguwar jar geza tana kaɗawa a ruwa. Mai sayarwa ya ce sunansu koɗin wuta. Matar Injiniya ta leƙa sau ɗaya ta ce, "'Yar wuta dai. Allah ya raba mu." Sunan ya bi su.

Mai sayarwar ya so ya yi masa bayanin abincinsu, Injiniya ya ɗaga masa hannu. "Koɗin me ka ce? To ni za ka koya wa wuta?" A nan karatunsa ya ƙare. Ya taɓa jin cewa akwai halittun teku da haske ke ciyar da su, ga wannan kuma har sunanta wuta, saboda haka wuta take ci. Ya ɗora wa tankin fitilu shida masu kashe ido.

Gaskiyar kuwa, 'yar wuta ba ta ƙaunar haske ko kaɗan. Rami take so mai duhu, inda za ta saƙa 'yan zaruruwa ta liƙe da dutse, ta buɗe baki, ruwa yana wucewa tana tace ƙananan tsirran da ido ba ya gani. Ruwan Injiniya kuwa inji ya tace shi fes, ba abin da ke yawo a ciki. Duk lokacin da ya ajiye su a gaban gilashi sai su tafa ɓawonsu, ƙaf, ƙaf, su yi tsalle su shige bayan dutse. Duk lokacin da baƙo ya zo sai ya zura hannu ya fizgo su, zaruruwan su tsinke, ya sake jera su a gaba. Ta farko ta mutu a wata na uku, jan ya koɗe, bakin ya saki. Ta biyu ta bi ta. Injiniya ya ce mai sayarwa ne ɗan damfara, ya ƙara fitila biyu.

Mutum ɗaya ce a gidan ta gane abin da ke faruwa, ita ce Auta, 'yar shekara goma sha bakwai, wadda yayyenta suka bar gidan tun ranar da suka samu hanya. Ita ma kayan nuni ce. In baƙi suka zo sai ya ƙwala mata kira, ta fito ta tsaya a ƙarƙashin fitila ta faɗi makin da ta ci a jarrabawa, sannan ya sallame ta da bayan hannu. Ita ce ta bincika a waya, ta koma wurin mai sayarwar a ɓoye ta karɓo wani koren ruwa da ake ajiyewa a firji, wato tsirran nan ne aka tara a kwalba. Da yamma kafin uban ya dawo sai ta kashe famfo, ta zuƙi ruwan da sirinji, ta sake shi a hankali a bakin ramin. Sati uku tana yi, har ta ukun ta fara dawo da launinta. Rannan ya dawo da wuri tare da baƙi, ya tarar ruwansa ya yi dishi-dishi.

"Gansakuka? A tankina?"

"Baba, abincinta ne. Yunwa ce ta kashe sauran."

"Ke da kika zo duniya jiya? Wa ya saya miki wayar da kike karanta shirmen?"

Ya tuttule kwalbar a wurin wanke-wanke, a gaban baƙin, don su san gidan na da mai shi. Kwana tara bayan haka dutsen farko ya faɗo.

Daga ranar, kowace magariba sai an yi jifa. Ba a taɓa jifar mutum ba, ba a taɓa fasa kofi ko madubi ba, fitilu kawai. Rana na faɗuwa gidan ya yi shirun da har ana jin tafiyar agogo, sai tas, can an jima sai tas, ɗaya bayan ɗaya, babu gaggawa. Da safe matar ta share fasassun gilasai da jiƙaƙƙun tsakuwoyi, ta ga gishiri ya bushe fari a kan tayil. Injiniya ya dawo da kwali daga shago ya mayar da sababbi. Ya canja waya, ya canja soket, ya zagi masu kawo wuta har iyayensu. Sannan aka fara jin tafin. Ƙaf, ƙaf, a cikin bango, a bayan kujera, wani lokaci dab da kunnen mutum. Falon ya ɗauki ƙarnin teku, alhali tsakanin gidan da teku tafiyar kwana biyu ce a mota.

A rana ta huɗu Auta ta ture farantinta ta ce ba ta jin yunwa. Washegari uwar ta neme ta a ɗaki ba ta gan ta ba, sai da ta hango yatsun ƙafa a 'yar tazarar da ke tsakanin durowar kaya da bango, wurin da ko tsintsiya da ƙyar take shiga. Yarinyar tana tsugune a ciki, ido a rufe, baki a ɗan buɗe, tana numfashi a hankali.

"Auta, me kike yi a nan?"

"Mama, kashe fitilar."

Injiniya ya zo ya kamo hannunta ya fizgo ta. Tana fitowa haske haƙoranta suka haɗu, ƙaf, ƙaf, ta ja da baya da wani irin tsalle ta koma ramin. Uwar ta dafe ƙirji, domin ta san inda ta saba ganin wannan tsallen.

An kai ta asibiti. Aka auna jini, aka ƙara mata ruwa, likita ya ce bai ga komai ba. Suna dawowa gida ta koma bayan durowa. Shayi ba ya wucewa, ƙwai ba ya wucewa, ruwa ne kawai take kurɓa, shi ma sai an barbaɗa gishiri. Leɓenta ya koɗe, awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Uwar tana kuka a kicin da famfo a buɗe don kada a ji. Shi kuwa uban ya yi nazari mai zurfi irin nasa, ya gano cewa duhun ɗakin ne ke sa wa yarinya damuwa, ya kawo fitila mai tsayawa da ƙafarta ya haska bayan durowar. Ba ta yi minti ɗaya ba aka tarwatsa ta.

A rana ta goma sha ɗaya matar ta yafa gyale ta fita ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Ta dawo da la'asar sakaliya tare da wani tsohon malami, siriri, mai tsohuwar lema a hammata, wanda aka san shi da karatu da ƙarancin magana. Injiniya ya dube shi sama da ƙasa, ya fara masa bayanin yadda wuta ke hawa da sauka. Malam ya saurara har ya gama, sannan ya wuce shi ya je ya tsaya gaban tankin. Ya daɗe yana kallon duwatsun.

"Me ke cikin ramin can?"

"Koɗin wuta. Bari in fito maka da ita ka gani."

"Bar ta. Me take ci?"

"Haske."

Malam ya juyo ya dube shi. Ya ce a kashe duk fitilun gidan, a kawo yarinyar a hankali, kada a ja ta. Uwar ta lulluɓe ta da bargo ta rungumo ta, ba ta fi nauyin kayan wanki ba. Aka zaunar da ita a ƙasa, a lungun da ke tsakanin tankin da bango. Rana ta faɗi. Karo na farko tun da aka gina gidan, duhun magariba ya shigo falon ya zauna.

Malam ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Ba ya ɗaga murya, ba ya sauri. Tafin ya tashi daga bangon gabas, ya zagayo ta bayan kujeru, ya matso, ya matso, har ya tsaya a bakin yarinyar. Bargon ya zame. Auta ta ɗago kai, ido a rufe, ta yi magana da muryar da ba tata ba, muryar tsoho, mai kauri, kamar daga cikin randa.

"Ya isa, Malam. Na ji ka. Ba kurma ba ne ni, kurman yana tsaye a bayanka."

"Wane ne kai?"

"Makiyayi. A tsagar wani dutse nake kiwo, inda rana ba ta kaiwa. Aka ɓamɓaro uku daga garkena, na biyo su a cikin ramin dutsen can. Wata shida ina zaune a akwatin mutumin nan ina kallonsa. Na ga azzalumai, na ga mahaukata, amma ban taɓa ganin jahili mai yawan fitila irinsa ba. Wai wuta take ci! Ni da aka halitta da wuta, ka tambaye ni ko na taɓa cin ta."

Injiniya ya buɗe baki, wata tsakuwa ta faɗo tsakanin ƙafafunsa, ya rufe.

"Laifinsa ne," in ji Malam. "Me ya kai ka jikin yarinya?"

"Wa zan shiga? Shi na fara gwadawa. Babu wuri, ya cika ciki da kansa. Matar kuma bakinta ba ya rabuwa da addu'a. Yarinyar ce kaɗai mai kunne a gidan nan. Abin da tawa ta ci, shi tasa za ta ci. Ranar da bakin waccan ya saki, na wannan ma ya saki. Bai fi kwana biyu ba."

Uwar ta toshe bakinta da gyale. Malam ya gyara zama, kuma a muryarsa babu tsoro, sai raini.

"Ashe kai ma ba ka fi shi ba. Shi ya kashe naka da jahilci, kai kana kashe tasa da sani. A duk gidan nan hannu ɗaya ne ya ciyar da dabbarka, shi ka zaɓa ka busar. Wannan ne kiwon naka?"

Famfon tankin ne kawai ke gurnani.

"A mayar da dabbata teku," in ji muryar, ta ɗan sauko.

"Ka fi ni sanin ba za ta kai ba."

"To a ba ni idonsa ɗaya. Ba ya amfani da shi."

"Ba a cinikin naman mutum a gabana. Nemi wani abu."

Haƙoran yarinyar suka tafa sau biyu, a hankali, kamar mai tunani.

"To ya bar idon a kansa, ni in ɗauke masa ganinta. Kowace magariba ya kashe fitilun tankin da injinsa, ya durƙusa ya ba ta abinci da hannunsa, ba matarsa ba, ba 'yarsa ba. Ba zai sake taɓa ta ba. Ba zai haska ramin ba, ko da tocilar waya ce. Ya yi wa abin da ba zai iya nuna wa kowa ba hidima. Ranar da ya tsallake, na san hanyar ɗakin."

"To ta yaya zan san tana raye?" Muryar Injiniya ta fito 'yar siririya.

"Ka ji shi ko, Malam? Tambayarsa ta farko ke nan a wata shida. Ka riƙa duba farantin 'yarka."

"In kuma ajalin dabbar ya zo?" in ji Malam. "Ba masu tsawon rai ba ne."

"Ajali daban, yunwa daban. Na san bambancinsu. A ba ta yanzu ina gani, in ta ci na fita."

Malam ya sa aljanin ya rantse, ya maimaita rantsuwar sau uku. Sannan aka dubi Injiniya, shi kuma ya dubi ƙasa, domin abincin da ake magana shi ya tuttular da hannunsa. Matar ta miƙe ta shiga kicin. Aka ji buɗe firji, aka ji motsin robobi. Ta dawo da kwalbar maganin tari da sirinji.

"Kwalba biyu Auta ta karɓo," ta ce. "Ni na juye ɗayar a nan. Na san ba ka duba abin da ba ya walƙiya."

Ya karɓa. Ya tsaya gaban tankin da ya yi wata shida yana yi wa mutane lacca a kansa, sirinji a hannu, bai san ta inda ake farawa ba. Ya dubi Malam, Malam ya kau da kai. Ya dubi matarsa, ta naɗe hannu. Babu yadda ya iya, ya durƙusa a gaban lungun.

"Auta. Yaya ake yi?"

Kan yarinyar ya sunkuya, ya sake ɗagowa. Muryar da ta fito tata ce, ta shaƙe, da ƙyar ake ji.

"Kashe famfo tukuna, Baba, in ba haka ba inji zai tace shi. Girgiza kwalbar. Zuƙi rabi. Kada ka fesa mata a baki, tsoro za ta ji ta rufe. Ka sake shi sama da ramin kaɗan, ruwa ya kai mata da kansa."

"Haka?"

"A hankali. Ka cika sauri."

Koren ruwan ya fita kamar hayaƙi, ya sauka cikin duhun dutsen. Ba wanda ya ga komai. Suka jira, ruwan ya tsaya cik, gwiwoyin Injiniya suka fara ciwo a kan tayil bai isa ya motsa ba. Can sai aka ji ƙaf guda ɗaya, ba daga bango ba, daga cikin tankin. Auta ta yi tari mai ƙarfi, ruwan gishiri ya zubo mata ta baki da hanci, ta kife a jikin uwarta. Ƙarnin tekun ya janye daga falon kamar an buɗe taga.

"Mama," ta ce, "da sauran shinkafa?"

Ba zan ce Injiniya ya zama mutumin kirki ba. Sati bai cika ba ya fara gaya wa abokan ciniki cewa shi ya gano sabuwar hanyar kiwo a duhu. Amma baƙi sun ragu, domin ba mai zuwa kallon dutse a cikin ruwa, kuma an daina kiran Auta ta faɗi maki. Kowace yamma yana rufe shago da wuri, ko da mai saye na tsaye. Ya kashe fitilu, ya kashe famfo, ya girgiza kwalba, ya durƙusa. In ya gama sai ya je ya tsaya a ƙofar kicin kamar ɗan aike ya ce, "Auta ta ci?" In aka ce ta ci, sai ya tambayi me ta ci, da yawa ko kaɗan. Rannan ta rage rabin faranti don ciwon haƙori, mutumin nan bai iya shan shayinsa ba.

Shekara biyu da rabi ke nan yanzu. Sharaɗin aljanin shi kaɗai ya hau, ba a hana kowa leƙa ramin ba, kuma wannan bai taɓa faɗo masa a rai ba. Wata la'asar matar tana yanka albasa, Auta na wanke shinkafa, sai uwar ta rage murya.

"Wai ni kam, abar nan tana nan kuwa?"

Auta ta goge hannu ta shiga ɗaki, ta dawo da ƙullin hankici ta kwance. Ɓawo biyu ne, farare, a wanke tas.

"Tun wata biyu da suka wuce. Ta yi ƙiba, ta tsufa, ta tafi. Na tarar da ramin ba kowa, shi ma makiyayin ya kama gabansa."

"Innalillahi! To ba za ki gaya masa ba? Mutum yana ta durƙusa wa dutse?"

Daga falo aka ji ƙarar makunni, fitilun tankin suka mutu, famfo ya yi shiru. Auta ta ƙulle hankicin ta soke shi a ƙugu, ta koma kan shinkafarta.

"Mama, shekara goma sha bakwai na yi a gidan nan bai taɓa tambaya ko na ci ba. Bar shi ya ba ta abincinta."